Ɗaukar Magini

In mutum ya tashi daga Sakkwato ya bi babbar hanyar da ta nufi Yawuri, bayan ya wuce Tambuwal zai shiga Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Nan zai tarad da Aliero, garin albasa da gwanayen ɗori, inda aka kafa jami'a a 2006. In ya ƙara gaba sai ga Jega a bakin Gulbin Zamfara, mai tsohuwar kasuwa wadda fatake suka sani tun kafin zuwan Turawa. Gaba da ita kuma sai Maiyama.

Wanda ya bi hanyan nan da rani ba zai rasa ganin abu guda ba, watau gini. Ko'ina ya duba sai tarin yashi da tsakuwa a ƙofar gida, ga bulo an jera ana shanya, ga magina bisa bango suna kiran a miƙo kwaɓi. Dalili kuwa shi ne, da rani ne manomi ke da kuɗi a hannu, da rani ne kuma ruwan sama ba ya ɓata aiki. Amma ba kowane ginin da aka fara ke ƙarewa ba. Akwai kangaye da yawa waɗanda suka tsaya a iyakar taga, ciyawa ta fito a cikinsu, awaki na kwana. Galibi ba rashin kuɗi kaɗai ya tsai da su ba. Tun wajen ɗaukar magini aka yi kuskure.

YADDA A KE YI A DA

A zamanin da, zaɓen magini ba shi da wuya. Gini sana'ar gado ce, ɗa ya kan koya daga ubansa, kuma a manyan garuruwa akwai Sarkin Magina wanda a kan kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Kayan aikin duk na gida ne. A kan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake ta sosai, a bar ta ta kwana biyu, sa'an nan a mulmula tubali a shanya. Rufi kuwa da azara a ke yi, watau itacen giginya da aka faskare, domin gara ba ta cinsa da sauƙi. Azara guda ba ta ɗaukan nauyin ƙasa in faɗin ya wuce misalin ƙafa shida, saboda haka in ana son babban soro sai gwani ya ɗaure azara bisa azara, ya yi baka, har rufin ya haɗu a tsakiya. In an gama a shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya zaizaye shi. A sa indararo ya riƙa zubad da ruwa nesa da gindin bango.

Kada wani ya rena ginin ƙasa. Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya yi aikinsa, ga shi masana gini sun yi ta zuwa daga ƙasashe masu nisa su duba. Ɗakin ƙasa kuma ya fi na kwano sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu.

Abin da ya fi muhimmanci a wancan zamani shi ne, magini ɗan gari ne. Uban mai gida ya san ubansa. In ya yi ha'inci, gobe za su haɗu a masallaci, jibi a kasuwa. Kunya ita ce ke tsare aiki, ba a bukatar takarda.

YADDA A KE YI YANZU

Da siminti ya yawaita sai al'amari ya sake. Masana'antar siminti ta Kalambaina, kusa da Sakkwato, ta fara aiki a 1967, yau kuwa da wuya a sami ƙauyen da buhun siminti bai kai ba. Gidan bulo ba aikin mutum guda ba ne. Akwai mai buga bulo, da magini, da mai ɗaurin rodi, da kafinta mai rufi, da mai walda wanda zai yi ƙofofi da tagogi, da mai haɗa wuta, da mai fenti, ban da leburori. Mutumin da ya ɗauki nauyin tara waɗannan duka ya sa su aiki, shi a ke kira ɗan kwangila.

Hanyar ba da aiki iri uku ce. Akwai aikin yini, inda a ke biyan magini kowace yamma. Wannan ya dace da ɗan gyara, amma in aikin babba ne malalaci ya kan ja shi. Akwai jinga, inda mai gida ke sayen kaya da kansa, a yi ciniki da magini a kan ladan aikinsa kaɗai. Akwai kuma kwangila ta gaba ɗaya, inda mai gida ke ba da kuɗi, ɗan kwangila ya sayi kome ya gina, ya miƙo mabuɗi. Ta ƙarshen nan ta fi hutu, ta kuma fi haɗari, domin duk buhun simintin da bai shiga bango ba riba ce ga wanda ya karɓi aikin.

MANOMIN ALBASA DA ƊANSA

Ga misalin wani manomin albasa a Aliero. Gidansa na ƙasa ne, ya gada wajen ubansa. Daminar 2020, wadda aka yi ambaliya a Jihar Kebbi har gonakin shinkafa da gidaje masu yawa suka salwanta, ta kayar masa da ɗaki guda, ta tsaga bangon zaure. Ya yi shekara uku yana tari, in ya sayad da albasa ya ajiye wani abu. Nufinsa ya gina ɗaki biyu na bulo, ya gyara zauren, domin babban ɗansa ya isa aure, ba kuwa inda za a sa amarya. Yana da wani ƙaramin ɗa, ɗan aji biyar, mai son lissafi.

Kafin ya yi kome sai ya ɗauki yaron suka tafi Maiyama wajen wani amininsa, mai sayad da hatsi. Bayan sun gaisa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Aminin ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Taso, Malam, in nuna maka wani abu." Ya kai su bayan gari, ya nuna musu wani kango, ya ce, "Ka ga gidana. Wani baƙo ne ya zo da mota da daɗin baki, ya ce zai gina mini a wata biyu, da arahar da ban taɓa ji ba. Na ɗauki kuɗin duka na ba shi, ba takarda, ba shaida. Ya kai ginin inda ka ke gani, ya ce zai je ya dubo katako. Yau shekara huɗu ke nan yana dubowa."

Yaron ya matsa kusa da bangon, ya sa farce ya ƙanƙara bulo guda, sai ga yashi na zuba kamar gari. Ya ce, "Baba, dubi!" Aminin ya ce, "Haka ne, yaro. Ko da ya ƙare shi ma, da ba zai yi ƙarko ba."

Da suka komo gida manomin bai yi gaggawa ba. Ya tambayi mutane, aka ba shi sunan magina uku. Bai tambayi kowanensu ko ya iya aiki ba, don ba maginin da zai ce bai iya ba. Abin da ya ce wa kowane shi ne, "Nuna mini gidan da ka gina wanda ya ga damina biyar." Wannan dabara ce mai kyau, domin sabon gini duk kyakkyawa ne, fenti na rufe aibi. Damina ita ce ke tona asirin magini.

Na fari ya yi ta kewaye-kewaye, bai nuna kome ba. Na biyu ya nuna wani gida, amma da manomin ya keɓe da mai gidan, sai ya ce masa, "Aikinsa ba laifi, sai dai ya kan karɓi aiki uku a lokaci guda, ka yi kwana goma ba ka gan shi ba." Na uku wani dattijo ne daga Jega. Ya kai su gidaje biyu. Manomin ya duba kusurwoyi ya ga sun miƙe, ya duba saman ƙofofi da tagogi bai ga tsaga ba, ya duba gindin bango bai ga alamar danshi ba. Kuɗin da dattijon ya yanka ya ɗara na sauran. Manomin ya tuna da kangon Maiyama, ya ce a ransa araha ba ta ado, ya zaɓe shi. Suka shirya a kan jinga: siminti da rodi da kwano mai gida zai saya, ma'aikata kuwa dattijon zai kawo, shi zai amsa laifinsu.

TAKARDA

Da dattijon ya ji za a rubuta takarda sai fuskarsa ta sake. Ya ce, "Maigida, shekara talatin ina gini, ba a taɓa ce mini ɓarawo ba." Manomin ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam. Ba don kai a ke rubutawa ba, don mantuwa ne, da rai da ajali. Ni ma takardar za ta ɗaure ni kamar yadda za ta ɗaure ka." Mai unguwa, wanda aka kira shaida tare da wani maƙwabci, ya ce gaskiya ne, ya kuma tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana. Dattijon ya yarda.

Yaron ne ya yi rubutun, da alƙalaminsa na makaranta. Aka rubuta ɗaki biyu, kowane ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Aka rubuta zurfin harsashi, da cewa za a ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu don kada ruwa ya shiga. Aka rubuta bulo mai inci 9, kada a buga fiye da 30 a buhu guda. Aka rubuta ranar farawa da ranar gamawa. Da aka zo kan tagogi, manomin ya so a yi guda ɗaya ƙarama a kowane ɗaki don a rage kuɗi. Yaron ya ce, "Baba, Malam ya gaya mana a makaranta cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa na taimakon sanƙarau ya yaɗu." Ba wanda ya yi masa musu, don mutanen ƙasan nan sun san ciwon, a 2025 ma ya ɓarke a Jega da Aliero da Gwandu, ya yi ɓarna. Aka rubuta taga biyu a kowane ɗaki, suna duban juna.

Sai maganar biya, wadda ita ce gishirin takardar. Ba a ba da kuɗi duka a farko, ba a kuma hana magini kome sai ya gama, domin shi ma yana da leburori masu jiran na abinci. Aka raba ladan kashi-kashi. Kafin alƙalami kaɗan ranar da aka fara. Wani kashi in harsashi ya fito. Wani in gini ya kai linta, watau simintin nan mai rodi da a ke zubawa bisa ƙofofi da tagogi. Wani in an yi rufi. Kashi ɗaya cikin goma kuwa zai zauna hannun mai gida sai an yi ruwan fari an ga yadda rufin ya yi. Kowa ya sa hannu, aka yi kofi biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Abu biyu ba su shiga takardar ba don ba su taso ba, amma ya kamata a san su. Wanda zai gina a sabon fili, sai ya tabbata filin nasa ne, da takarda da shaidu, don tun dokar ƙasa ta 1978 ikon filaye na hannun gwamnati, a cikin gari kuma a kan nemi izinin hukuma kafin a fara. Wanda kuma zai gina bene, magini kaɗai bai isa ba, sai da injiniya wanda zai auna nauyi ya faɗi irin rodin da za a sa.

BUHU GOMA SHA SHIDA

Aka fara aiki. Dattijon ya ƙiyasta za a bukaci bulo 1,200, har da na harsashi da ɗan bangon da zai haɗa ɗakunan da zaure. Yaron ya yi lissafi a littafinsa: in buhu guda na ba da 30, to, bulo 1,200 sai buhu 40. Uban ya sayo buhu 40 daga Jega.

Kullum in yaron ya taso daga makaranta sai ya tsaya wajen masu buga bulo. Ran nan ya ƙirga bulon da aka buga ya sami 300, ya ƙirga buhunan da aka zazzage ya sami 6 kaɗai. Ya raba, ya ga 50 ke nan a buhu. Ya sake ƙirgawa don kada ya ɗora wa mutane laifin banza, ya sami haka. Ya sheƙa gida ya ce, "Baba, in suka ci gaba da haka, buhu 24 za su ƙare aikin, 16 su yi rara. Ina za su?"

Manomin bai je ya yi faɗa da masu buga bulo ba, don ba shi ya ɗauke su ba. Ya aika aka kira dattijon. Dattijon ya ɗauki bulo guda wanda ya bushe, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya saki. Bulon ya watse. Ya juya ga masu bugawa ya ce, "Ku kun ci amanata, ni kuma na ci ta mai gida, tun da ni na kawo ku." Ya sallame su, ya kawo waɗansu, ya biya buhu shidan daga ladansa. Amfanin a ce mutum guda ne ke amsa laifin kowa ke nan.

Akwai wani abu da yaron ya koya a nan wanda ya ba shi mamaki. Ya zaci rana ce ke sa siminti ƙarfi. Ashe ruwa ne. In siminti ya bushe da wuri, musamman da iskar hunturu, ba ya kama jikinsa. Don haka a ke yi wa sabon bulo da sabuwar linta ban ruwa safe da yamma har kwana 7, ƙarfinsu kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Shi aka ɗora wa ban ruwan, ya kuwa riƙe shi da kyau.

Kada a zaci laifi kullum na ma'aikata ne. Da gini ya kai linta, manomin ya ga ƙofar ɗaki guda ta dubi yamma, ya ce a mai da ita kudu. Dattijon ya ce, "Za a yi, Maigida, amma ba ta cikin takarda. Rushewa aiki ne, sake ginawa aiki ne." Manomin ya so ya yi gardama, ya tuna shi ya ce takarda za ta ɗaure shi, ya biya ƙarin. Wani karo kuma ya yi jinkirin biya kwana biyar yana jiran albasa ta ƙara tsada. Leburori suka watse suka tafi wani aiki, sai da aka yi mako biyu kafin a sake tara su. Wannan hasara shi ya jawo wa kansa. Lebura da guminsa ya ke ci, ba shi da rumbun da zai jira kasuwa.

GYARAN ZAURE

Gyaran tsohon gini ya fi sabon gini wuyar sha'ani, don ba a san abin da ke cikin bango ba sai an taɓa. Manomin ya so a faɗaɗa ƙofar zaure, a kuma shafe shi da siminti ya yi kama da sababbin ɗakunan. Dattijon ya hau ya duba, ya ce bangon nan shi ke ɗauke da azara, in an sare shi ba tare da an tokare rufin ba, soron zai zauna a kan mutane. Game da shafen kuma ya ce siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Zai yi kyau shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ɓamɓare, ruwa ya riƙa shiga ta baya yana cin bangon ba a gani. Manomin ya ce, "To, yaya za a yi?" Ya ce, "A bar wa ƙasa abinta." Aka cike tsagar da sabon kwaɓi, aka sake azara uku da suka ruɓe, aka yi sabon yaɓe, aka sa dogon indararo. Kuɗin bai kai rabin abin da manomin ya zata ba.

Kafinta ya zo ya yi rufin ɗakunan. Ya shafe katako da maganin gara, ya ɗaure shi da langalanga a jikin bango, domin iskar farkon damina a ƙasan nan ta kan yaye rufin da aka ɗora kawai ba a ɗaure ba. Aka buga kwano, aka yi filasta da daɓe, aka sa ƙofofi.

Ruwan fari ya zo da dare, da iska mai ƙarfi. Manomin da ɗansa suka ɗauki fitila suka shiga ɗakunan suna duba sama. Ɗaki guda lafiya lau. A na biyun kuwa ruwa na ɗiga a kusurwar gabas, inda ƙusa ta kauce wa katako. Yaron ya sa kwano ya tara, ya yi wa wurin alama da gawayi. Da gari ya waye aka aika Jega. Kafin azahar dattijon ya iso da kafintansa, suka hau suka toshe. Bayan kwana uku aka sake ruwa, ba ɗigo ko ɗaya. Manomin ya kira mai unguwa, ya ƙirga sauran kashi ɗaya cikin goman ya miƙa wa dattijon, yaron ya rubuta a bayan takarda cewa an biya duka. Bayan sati biyu aka kawo amarya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa manomin ya nemi ganin gidan da ya ga damina biyar?
2. Mene ne bambancin jinga da kwangila ta gaba ɗaya?
3. In ana bukatar bulo 900, ana kuwa buga 30 a buhu, buhu nawa za a saya?
4. Wane laifi manomin ya yi da kansa, me kuma ya jawo masa?
5. Ku tambayi wani magini na garinku sunayen kayan aikinsa, ku rubuto guda goma.